Matar Da Ta Hana A Buga Gwajina

Kullum ƙarfe bakwai da rabi take isowa ofis. Takan rataye jakarta a bayan ƙofa, ta zauna a 'yar kujerar yara, gwiwoyinta kamar su taɓa haɓarta, ta baje katunan hotunan da muke auna basirar yara 'yan shekara uku zuwa biyar da su. Cewa take yi sai ta ga hoton daga inda yaro yake ganinsa. Shekara ashirin da shida tana haka. Mu abokan aikinta Malama A-Sake muke kiranta, don ba a taɓa kai mata gwaji ta ce ya yi a karon farko ba.

Tunda ta yi ritaya, bari in faɗi gaskiya: na daɗe ina jin ƙyashinta. Ni ne mai digiri biyu, ni ake turawa taro, amma in muhawara ta yi zafi, ita shugabanmu yake kallo.

Shekarar da na haɗa nawa gwajin, saura kaɗan a buga shi ta roƙi a ba ta wata guda. Ta gwada yara arba'in, bayan mako biyu ta sake gwada su. Yarinyar da ta zo ta ƙarshe a karon farko, ta uku ta zo a na biyu. Malama ta bari sai da ofis ya watse, ta ajiye takardun a gabana.

"Yaya, wannan ba basira yake aunawa ba," in ji ta a hankali. "Yaron da ba ya tsoron baƙo kawai yake zaɓa."

Wata uku da ƙyar nake amsa gaisuwarta. Abin da ya fi ƙona min rai, ba ta gaya wa kowa ba. Ta gyara tambaya goma sha ɗaya, ta ce a bar sunana a bangon littafin. Da an buga shi yadda na rubuta, da an tura yara da yawa ajin masu raunin fahimta saboda kunya kawai.

Malama, ke ce kika tsaya wa yaran da ba za su taɓa sanin fuskarki ba. Ke ce kika rufa min asiri, ni kuwa na yi ta karɓar yabon aikinki ban ce uffan ba. Na gode, Malama, ko da godiyar ta makara. Allah ya saka miki da alheri.

Har yau ina kishinki. Ku masu tasowa, tana nan da ranta da lafiyarta. Ku yi abin da girman kai ya hana ni: ku je ku ce ta koya muku.