Fuskar Ɗan Farin Yayata

Akwatin hoton da na fara sana'a da shi ba shi da wani iyayi. A Kumashi na samo shi lokacin da nake bin fataken goro, na kawo shi Illela a kan jaki, zamanin da ba a daɗe da raba mu da Ƙonni ba, mu na Ingilishi, su na Faransa. Ƙafa uku ne, da baƙin ƙyalle, da murfi a kan idonsa. In mutum ya zauna sai in ce kada ya motsa, in cire murfin, in karanta Ƙulhuwallahu a zuci, in mayar. In da gajimare, in karanta sau biyu. Muka yi shekaru lafiya lau, har wata damina da na tafi Sakkwato gara ta shiga ta cinye shi. Na yi baƙin ciki ƙwarai.

Sabon da na sayo wajen wani Balarabe a Kano kuwa, ɗan rainin wayo ne. Ba murfin cirewa. Wani ɗan ƙarfe ake dannawa, ya ƙifta da kansa, ƙyas. Zobba biyu ne a bakinsa, ɗaya yana buɗe idon ko ya tsuke shi, ɗaya yana sa ƙiftawar ta yi sauri ko ta jinkirta. Kowanne kewaye da lambobin Nasara, ni kuwa ajami kaɗai na iya. Balaraben ya nuna mini wata lamba da farce, ya ce in bar zoben a nan, ba ruwana da sauran. Na bar shi a nan. Mutum na farko da na ɗauka wani dillalin shanu ne: riga fara fat, rawani fari fat, tsakaninsu duhu, ba hanci ba baki. Ya duba ya ce in dai wannan shi ne, to matansa suna da haƙuri.

Ina cikin wannan takaicin Yayata ta ƙetaro daga ƙauyen da take aure a bayan Ƙonni. Ita ta goye ni ina jariri, har na tsufa ban daina jin tsoronta ba. Bayan gaisuwa ta daɗe tana gyara bakin zanenta, sannan ta ce:

"Yaron ga, an rubuta shi soja. Faransa za su tahi da shi bayan kasuwa ta sama."

Ban tambaye ta wane yaro ba. Yaro ɗaya ne a duniya da ba ta kama sunansa, ɗanta na fari. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi. In ya shigo gaishe da Yayata sai ta juya wa tukunya fuska ta amsa. Ba ta dariya a gabansa, ba ta kallonsa ido da ido. Kunyar ɗan fari ke nan, haka iyayenmu suka yi, ba wanda ya ga laifinta. Ni dai abin ya daɗe yana ba ni haushi, don yaron akwai kirki.

"In ka samu sarari," ta ce, "ka yi mai abin nan naka na gilashi. Ubanai na so."

Ubansa! Mutumin da in ya hango ni da akwati yake canza hanya. Na san mai so. Na ce mata sabon akwatin nan ba ya jin maganata, fuskar mutane yake cinyewa.

"Sai ka koya mai hankali," ta ce.

Gilasan da hoto ke kamawa a jikinsu kaɗan suka rage mini, Kano kuma ba kusa ba. Duk da haka na rufe ido na shiga ɓarnarsu. Matata nake zaunarwa a tsakar gida, in murɗa zobe, in danna, in shiga ɗakin da na toshe da tabarmi in wanke, in fito ina tsaki. Da hantsi, da azahar, da la'asar. Na tsuke idon, ta fito kamar gindin tukunya. Na buɗe shi duka, ta fito fara sol ba gira. Ta ce ita dai ta ga kanta baƙa, ta ga kanta fara, saura kore. Ban yi dariya ba, don kasuwa tana matsowa.

A hankali na gane lambar Balaraben ba ta fuskokinmu ba ce, ba kuma ta ranar garinmu ba. Fatarmu tana son a ƙara buɗe idon, amma in ka buɗe a tsakiyar rana sai tufafi su ƙone. Na mayar da ita inuwar bangon zaure, na shimfiɗa farin zane a ƙasa inda rana ke duka, hasken ya taso ya sami fuskarta. Nan ta fito, har da tsagen kumatunta. Duk inda zobe ya ba ni abin kirki sai in karce wurin da tsinin wuƙa, in cika da tawada: wannan na hantsi, wannan na la'asar, wannan na inuwa. Zoben saurin kuwa, da yake yana zamewa in hannu ya taɓa shi, na liƙe shi da ƙaro a inda nake so. Lambobin Nasara suna nan, ban sake kallonsu ba.

Ranar kasuwa yaron ya zo, dogo, cikin farar riga ta aro. Na ja shi gefe.

"Ka zamna nan wajenmu mana. Wa za shi ƙetaro shi kama ka?"

"Kawu, in nig gudu ƙanena za su ɗauka."

Na sa ya tuɓe farar rigar, na ba shi shuɗiya tawa, na zaunar da shi a inuwar bango. Yayata tana can bakin madafa tana tsince wake, ta ba mu baya. Na ce ta zo ta tsaya kusa da shi. Ta ce, "Kai, ka yi hankali!" Na daidaita zobe a kan karcen inuwa, na shiga cikin ƙyalle. Gilashi ɗaya ya rage mini. Na danna.

Bayan la'asar ya je ya durƙusa a bayanta.

"Inna, zan tahi."

"Allah shi kiyaye hanya," ta ce wa waken.

Saura kaɗan in yi magana. Matata ta harare ni, na haɗiye.

Washegari na wanke gilashin, na buga shi a takarda da hasken hantsi. Ya fito. Goshinsa, idanunsa, ɗan gemun da ya fara tsirowa, duk sun fito tsaf. Na kai wa Yayata. Ta karɓa a kife, ta tura ƙarƙashin mayafi, ta shige ɗakin matata ta saki asabari. Har aka yi azahar ba ta fito ba. Da ta fito idanunta sun yi ja, ta zo ta tsaya inda nake goge akwati.

"Kai. Ashe Babanmu yaɗ ɗauko? Goshin, da kunnuwan?"

"Kowa ya sani, Yaya. Tun shina ƙarami."

"Ba wanda yah hwaɗa min."

Ta zauna a bakin tabarmata, ta ciro hoton, a gabana wannan karon, ta ci gaba da kallo.