Gida na Sha Bakwai a Tungar Jelani

Baba Halliru mai gyaran taru ne, wato ragar kamun kifi. A ƙarƙashin wata darbejiya yake zama, a bakin hanyar da ke gangarawa daga Goronyo zuwa dam, ya saƙale taru a babban yatsan ƙafarsa yana ɗinke inda ya yage. Tun ina firamare nake wuce shi, ban taɓa ce masa komai ba bayan gaisuwa. Ni ba mai magana ba ce. Ko a jami'a, a Sakkwato, a kujerar baya na yi shekaruna huɗu. Da na dawo gida sai na buɗe shafi a intanet, don a can ina iya faɗin abu ba tare da kowa ya kalli fuskata ba. Ina rubuta labaran mutanen garinmu, masu albasa da masu noman rani da matan da ke bandar kifi. Shafin yana nuna mini yawan waɗanda suka buɗe kowane rubutu: tara, sha ɗaya, wata rana ashirin. A cikinsu har da ni, sau uku.

'Yarsa Habi, wadda ke kawo mana kifi gida, ita ta haɗa mu. Ta ji an ce ina rubuta mutane a waya, sai ta ce Baba yana da abin da yake so a rubuta.

A Tungar Jelani aka haife shi, wata 'yar tungar masunta a bakin gulbin Rima, gida ashirin da uku. Yana da shekara talatin da 'yan kai aka gama dam, ruwa ya taho, aka tashe su. Wasu suka hau Goronyo, wasu Taloka, wasu suka bi gulbi zuwa Wurno da Rabah, wasu kuma ba a sake jin labarinsu ba. Shi ya ci gaba da su har bayansa ya gaza, sannan ya koma gyara wa na baya taru.

Tun daga shekarar da suka taso yake da al'ada ɗaya. Idan ya sallame Asuba, sai ya bi gidajen tungar a zuciyarsa daga gabas zuwa yamma kamar mai tafiya a layi, yana kiran sunan kowane maigida yana roƙa masa gafara. Jelani, Gidaɗo, Atiku mai kwalekwale, haka har ya kai ƙarshe. Amma wajen shekara goma da suka wuce, wata safiya ya zo gida na sha bakwai, sunan ya ƙi zuwa. Ya san gidan yana tsakanin na Tambari da na Ƙasimu. Ya tuna magaryar da ke ƙofarsa. Ya tuna mutumin gajere ne, kuma yana tari. Sunan ne kawai ya ɓace, kuma duk waɗanda zai tambaya a Goronyo sun riga shi tafiya.

"Kowa ina kiran sunanai," in ji shi, "shi ɗai ni ka ce ma wane. Maƙwabci na fa, ɗiyata. Mi zan ce mai in mun gamu?"

Abin da yake so ke nan: in rubuta, ko Allah zai sa wani ɗan tungar ko jikansa ya gani ya faɗi sunan.

A ranin shekarar ruwan dam ya ja baya fiye da yadda aka saba gani. Wata ranar Laraba da hantsi ya ɗauki sandarsa, muka bi shi ni da Habi a kan busasshen laka mai tsattsagewa. Ba gini ko ɗaya, ruwa ya narkar da komai. Sai kututture nan da can, da fasassun tukwane, da wani dutsen niƙa da ya nutse rabi. Amma shi tafiya yake kamar bangaye suna tsaye. Yana kauce wa danga, yana rage murya a ƙofar gidan liman. Duk inda ya tsaya sai ya buga sanda ya faɗi suna, ni kuma ina rubutawa. Da ya wuce gidan Tambari ya tsaya a gaban wani ɗan kututture, ya daɗe bakinsa yana motsi. A nan na ɗauke shi hoto, da farar rigarsa, yana kallon ƙasa.

Mako uku na yi ina rubutun. Na jera gidajen duka, na bar gurbi a na sha bakwai. Layin farko cewa ya yi Baba Halliru yana neman taimakonku. Na sa a shafina, sannan na kai hoton Fesbuk tare da hanyar shiga rubutun, don a nan mutanenmu suke.

Kafin azahar wayata ta yi zafi. Sharhi sama da ɗari uku. Ban taɓa samun ko goma ba. Na farko ya ce Allah ya jiƙan Baba. Na biyu ya ce Allah ya sa ya huta. Na uku, Allah ya ba mu haƙurin rashi. A wajenmu idan aka ga hoton tsoho da farar riga, da dogon rubutu a ƙasa, an san me ake nufi, ba sai an karanta ba. Addu'a ake yi a wuce, kuma wanda ya zo daga baya ya bi sahun na gaba. Na karanta kamar arba'in, duk iri ɗaya. Na duba shafina: mutum sha huɗu suka buɗe rubutun.

Da la'asar babura suka fara isowa daga Taloka. Mutane suka sauka da fuskar ta'aziyya, suka tarar da mamacin a ƙarƙashin darbejiya da taru a yatsa. Mainasara, abokin wasan da ya samu bayan sun bar tungar, ya tsaya a kansa yana riƙe da ƙugu.

"Halliru, ashe ka mutu ba ka hwaɗa min ba?"

"Na so in hwaɗa maka, sai nig ga kai ma kana bisa hanya."

Aka yi ta dariya, aka kawo ruwa, aka ci goro. Ni ina rakuɓe a bayan Habi, na ja mayafi har hanci. Da suka watse na durƙusa na ba shi haƙuri. Bai yi fushi ba. Ya tambaye ni mutum nawa suka yi masa addu'a, na faɗa masa, ya ce to ai ba a yi hasara ba, an yi masa guzuri tun da wuri. Sannan ya ajiye allurar.

"Cikinsu ba wanda yas san sunan?"

"Babu, Baba."

Haka na ce, alhali arba'in kawai na karanta. Na koma gida na kashe sanarwar rubutun don kada wayata ta sake yi mini ƙara a kansa. Na ce a raina mutanen nan ba sa karatu, wahalar banza nake yi. Na daina rubutu. Duk lokacin da na bi ta darbejiya sai ya ɗago ya ce, ɗiyata, an samu? In ce tukuna. Da tambayar ta yi mini nauyi sai na sake hanya, na koma bin bayan kasuwa.

Ya rasu da damina, bayan ruwa ya sake rufe tungar. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Habi ta ce har safiyar ƙarshe ya bi gidajensa, kuma ya ɗan yi shiru ya ce wane a inda ya saba.

Bayan addu'ar bakwai ta roƙe ni hoton nan, don ba su da wani. Na riga na share shi a waya, sai na koma Fesbuk in ɗauko. Ina zaune a tsakar gidansu, yatsana ya ci gaba da jan sharhin ƙasa ba da niyyar komai ba. Allah ya jiƙansa, Allah ya jiƙansa. Can ƙasa, wajen na ɗari biyu da wani abu, na ga wani ya fi sauran tsawo. Wani ne mai suna Lawwali, daga Rabah.

Ya ce jama'a ku karanta, bawan Allah nan yana raye. Ya ce ya karanta wa mahaifiyarsa rubutun tun daga farko har ƙarshe, ta ce gidan mai magarya gidansu ne, sunan babanta Mode mai banda. Ta ce a kawo mata Halliru, ko a kai ta. Ya sa lambar wayarsa. A ranar da na sa hoton ya rubuta, da ƙarfe sha biyu, tun kafin babura su iso. Bayan mako guda ya sake rubuta layi ɗaya a ƙasa: Malama, har yanzu Inna tana jira.

Wata biyar ke nan. Na miƙa wa Habi wayar, na manta ba ta karatun boko. Dole ni na karanta mata da bakina.

Mun je Rabah ranar Asabar. Inna Khadijatu, mahaifiyar Lawwali, tsohuwa ce ƙarama, idonta ɗaya ya mutu. Ta riƙe hannun Habi ta shafa, ta ce yatsun Halliru ne. Ta ce shi ne ke satar musu magarya, babanta ya bi shi yana tari, bai taɓa kama shi ba. Ta yi dariya, sannan ta yi kuka kaɗan. Sai ta juyo wajena da idonta mai gani.

"Ke ce mai rubutun? To mi yah hana ku tahowa?"

Lawwali ya yi ƙoƙarin rufa mini asiri, ya ce wataƙila saƙon ne bai shiga ba. Na ce ya shiga.

"Ban karanta ba, Inna."

Ta sa aka kawo mana fura.

Da muka dawo na buɗe shafina na cike gurbin. Mutum shida suka buɗe shi a makon. Washegari da sassafe Habi ta shigo gidanmu ba tare da tiren kifi ba. Ta ce tana so ta ci gaba da abin da Baba yake yi, amma ba ta riƙe jerin ba, in riƙa karanta mata har ya zauna. Muka zauna a kan tabarma ɗaya. Ina faɗin suna, tana roƙa masa gafara. Da muka wuce Tambari na ce Mode mai banda, ita kuma ta yi shiru daidai tsawon shirun da babanta yake yi, kafin ta iya faɗa.