Malam Iro da Tsami Mai Rai Uku

Malam Iro, malaminmu na kimiyya, shi ne ya hana ni zuwa kwaleji a Zariya. Duk Makarfi an sani, kada wani ya ce mini a rufa wa mamaci asiri. Ba don shi ba, da yanzu ba ɗinkin buhun masara nake yi a kasuwa ba.

Kun dai tuna shi. Lokacin da Turawa ke tattara kayansu, wani ya bar masa dogon bututun gilashi mai ɗan famfo a gindi. Wallahi ko ɗansa na fari bai ga gatan bututun nan ba! A zanen matarsa yake naɗe shi. Ran da keke ya kayar da shi a hanyar Kudan, mutane suka rugo: "Malam, ƙafarka!" Ya ce, "Ƙafa tana ɗoruwa. Ku duba mini gilashin."

A aji sai ya matse lemun tsami a kwalba, ya ɗiga zoɓo ya yi jawur, ya cika bututun da ruwan sodar sabulu mai cin hannu, yana ɗiga shi cikin kwalbar yana cewa: "Tsamin nan rai uku gare shi. In jan ya fara dusashewa kada ku yi murna, ɗaya ne ya mutu. Ɗigo-ɗigo!" Ko ruwan kanwa haka yake sa wa kununsa. Matarsa ta ce, "Malam, ai ya huce." Ya ce, "Amma bai ɓaci ba."

Ranar gwaji ana ƙwallo a fili, ina sauri in fita, sai na murɗe famfon gaba ɗaya. Nan take ruwan ya koma kore shar. Don wannan kawai fa! Da ma dukana ya yi. Sai ya ce, "Tanko, ka kashe rai uku ba ka ga fuskar ko ɗaya ba. Ka maimaita shekara." Babana ya ce gona ba ta jiran kowa. Shi ke nan ni da boko.

Har yau in na ga ana jiƙa zoɓo sai in tsaya ina kallo kamar wawa. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya isar masa cewa sauran biyun ma sun mutu. Don bai jira ni ba. Da na je duba shi a Ikara yana kwance, ya kama hannuna ya ce, "Tanko, ka yafe mini?"

Na ce, "Malam, ka cuce ni, kuma fushina rai uku gare shi. Yau ɗaya ya mutu. Ka jira ni in dawo."