Ƙararrawa ta Uku a Shagon Baba Isa

Ban taɓa mantawa da ƙarfe biyu da minti goma sha bakwai na ranar takwas ga Zulhajji ba. A lokacin ina aikin hutun jami'a a wani kamfanin ƙararrawar ɓarayi, ni ce mai zaman gaban allo. Sai lamba ta yi ja: shagon darduma na Baba Isa, a unguwar Utaibiyya, cikin garin Makka.

Ƙa'idar da hukuma ta ba mu ita ce, idan an kira 'yan sanda sau uku a wata ɗaya suka tarar ba ɓarawo, za su daina zuwa wurin har sai an sake duba na'urar. Baba Isa ya riga ya yi biyu. Masu dubawa ba za su dawo ba sai bayan Hajji, shi kuma yana Mina da alhazansa, kayan shekara guda na cikin shagon. Minti biyar ake ba mu mu yanke shawara.

Na kira shi sau biyu, bai ɗauka ba. Ustaz Haruna, shugabanmu, ya tsaya a bayana.

"Kira 'yan sanda, ya binti," in ji shi, wato 'yata.

Ban cika magana a ofis ba, amma na riga na buɗe rajista. Na nuna masa cewa sau biyun baya duk idon na'ura na huɗu mai gano motsi ne ya motsa, na saman tagar baya, kuma duk da rana. Yau ma shi ne. Na ƙofa bai motsa ba.

"In kuwa ɓarawon ta taga ya shiga fa?"

Na ce tagar taƙi ɗaya ce, haka aka rubuta a takardar girkawa.

Ya dubi agogo. "To sunanki za ki sa, ba nawa ba."

Na rubuta "ba a kira ba", na sa sunana. Muka tura mai gadinmu da babur, aka tare shi a hanya saboda motocin alhazai. Idon ya sake motsi sau biyu. Na kasa shan ko ruwa.

Sai bayan la'asar mai gadin ya isa. Ya ce kwaɗo na nan a kulle, ba alamar kowa.

Ranar na gane rajista tana gaya maka inda abu ya motsa ne kawai. Dalilin yana wurin mai shago. Da Baba Isa ya kira, hayaniyar Mina a bayansa, na daure na tambaye shi, ina kiransa Ammu, wato baffa.

"Ammu, me ke saman tagar baya?"

Na ƙara da cewa saura kira ɗaya a janye masa 'yan sanda.

"Tantabara ce, 'yata. Ta tagar take shiga, ta yi sheƙa a kan dardumai, har da ƙwai biyu."

"Me ya sa ba ka faɗa mana ba? Da mun karkatar da idon kawai."

"Na ɗauka za ku aiko a kore ta ne. Cikin Harami muke, ba a firgita tsuntsu. Ku juya idon naku, ita kam tana nan sai 'ya'yanta sun tashi."