Ganyen da ke cikin likkafanin Kaka

A ƙauyenmu na kusa da Hasahisa a ƙasar Sudan, in an gama tsinkar auduga akan tuge karan a ƙone. Kaka Hajjo takan ɓoye kaɗan a bayan ɗaki, da shi take hura mana wuta bayan isha'i. Mu a ƙasa, ita a bakin gado, ƙunshinta a ƙarƙashin cinya. Likkafaninta ne a ciki, wanda ta sayo a Makka, da busassun ganyaye tsakanin ninkin don kada asu ya ci. Faculi take ce musu. Ƙamshinsu kamar na ƙasar da ta sha ruwan farko.

"Ga ta nan tafe, ku matso kada ta wuce ku," in ji ta. Ta dube ni. "Kai Garba, rufe baki, ƙuda zai shiga."

Wai wasu mata biyu ne a hanyar hajji da ƙafa, 'ya'yansu suka kamu da amai da gudawa a tsakiyar daji. Wata tsohuwa ta ba kowacce wannan ganye, ta ce a dafa. Ta farko da ta ga aman ya lafa, sai ta ɗaure bakin salka, don ta taso tana ji ana cewa ruwa ke ƙara gudawa. Yaron ya bushe a goye, tana tafe tana yi masa waƙa. Ta biyu kuwa ta riƙa ɗiga wa nata ruwa da gishiri da zuma. Ya amayar, ta sake. Nata ne ya ga teku.

"Ashe ganyen ƙarya ne, Kaka?" na tambaye ta.

"Ji mijin banza! Ganye mai buɗe ƙofa ne, ruwa ne baƙon."

Da na girma, na taɓa raka ta wani asibiti inda likitocin Sin ke aiki. Ɗayansu ya ji ƙamshin a jikinta, ya nemi ganin ganyen. Tafinta ya ce su ma suna dafa shi don amai da kumburin ciki, wai man da ke cikinsa ne ke kwantar da ciki. Kaka ta ce a gaishe mata da kakarsa.

Likkafanin ya daɗe da tafiya da mai shi. Ragowar ganyen na ɗauko a tsumma ranar da yaƙi ya kore mu zuwa Abu Na'ama.

Tun jiya 'yata Zainabu ke amai da gudawa. Idanunta sun faɗa. Ƙanena ya fita neman motar da za ta kai mu asibiti a Sinnar, har azahar shiru. Na dafa ganyen duka, na haɗa ruwan gishiri da sukari da tafasasshen ruwa.

"Baban Zainabu, don Allah ka bari," in ji uwarta tana kuka. "Duk abin da ka zuba fitowa yake. Azaba kake ba ta."

Da can nakan yi wa matar farko ta labarin Kaka dariya, na ɗauka wawuya ce. Yau na gane tausayi ne ya ɗaure bakin salkar nan. Ni ma hannuna so yake ya tsaya. Na ɗago kan yarinyar, na ce wa uwarta, "Riƙe mini kofin." Ta daɗe tana kallona, sannan ta riƙe. Na sake cika cokali.