Yadda Na Sallami Baƙon Fadama

Ni dai a sanina, mutum ba ya kama tsuntsu sai da dalili, dalilin kuwa tukunya ce. Haka muka tashi a fadamun Haɗeja. To sai Allah ya ba ni auta, haifaffiyar Landan, mai haɗa magunguna, wadda duk ƙarshen mako take sammako ta tafi bakin teku ta kama tsuntsaye, ta sa musu zobe a ƙafa, ta sake su. Na taɓa tambayarta ko aure ake ɗaura musu. Ta amsa da Turanci, kamar yadda take amsa mini komai tun tana rarrafe, ta ce ba abin dariya ba ne.

Lokacin na yi ritaya daga tura gadajen marasa lafiya a babban asibitin Camberwell, na zauna a gida ina ba matata Hajiya shawarar yadda ake girki. Da shawarar ta ishe ta, sai ta ce wa auta ta tafi da ni ko iska ta buge ni. Na sa babbar riga a kan suwaita biyu, na ari takalmin roba, na kuma sa ƙullin yaji a aljihu, don ba a sani ba.

A mota auta ta faɗa mini abin da ke gabanta. Ta daɗe tana koyon aikin a hannun wata malama, yau kuma malamar za ta zuba mata ido, ta yanke ko ta isa a nema mata lasisin yin aikin ita kaɗai. Idan ta yi tuntuɓe, sai wata shekarar. Ta roƙe ni kada in taɓa komai. Na tuna mata cewa na yi firamare har aji huɗu, kuma ba ni na gaji ba, malamin ne.

Wurin wani makeken fili ne da aka killace wa tsuntsaye, ciyawar ruwa doguwa a gefe guda, teku a ɗaya gefen. Ruwa ya janye ya bar taɓo yana ƙyalli, tsuntsaye masu dogayen baki suna ta tsikarinsa kamar masu shuka. Wani garke ya tashi gaba ɗaya, ya juya fari, ya juya baƙi, ya sauka, babu wanda ya taka ɗan'uwansa. Na ce ikon Allah, da haka ake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Stratford da an huta. Na bi gaɓa ina tsince-tsince: ɓawon katantanwa, wani farin ƙashi mara nauyi mai kama da sabulu, da kwalba da ruwa ya goge har ta zama kamar tsakiya, dutsen adon mata. Na cika aljihu, Hajiya ta samu tsaraba.

Da na dawo na same su a kan tebur cikin wata rumfa. Malamar Baturiya ce, tsohuwa siririya, da ƙyar take cewa uffan. Sun kafa raga a cikin ciyawa, siririya kamar gashi, suna zuwa akai-akai su ciro abin da ta kama, kowane tsuntsu a 'yar jakarsa ta ƙyalle. Na tsaya ina kallon hannun auta. Hannun da ban taɓa gani ya tuƙa tuwo ba, shi ne ya shiga jaka ya fito da wani ɗan mitsitsin tsuntsu ruwan ƙasa, kansa tsakanin yatsu biyu, ko motsi bai yi ba. Ta matse masa zobe da filaya, ta auna fiffike, ta zura shi da ka cikin ɗan kofi ta ɗora a sikeli. Sannan ta kai shi baki ta hura masa ciki. Na ɗauka tofi take yi, har na fara jin daɗi. Ashe gashin take buɗewa don ta ga kitse.

Na ce yauwa, yanzu muka zo magana, mu ma kitsen muke dubawa. Auta ta harari tebur, tunda ba ta iya hararata. Ta ce kitsen guzuri ne. Wannan abin da bai kai nauyin goro ba, a kwanakin nan zai tashi ya ƙetare teku, ya ƙetare sahara, ya sauka a fadamun ƙasashenmu ya yi rani a can. Wataƙila ma ta wajenmu.

Na tuna irinsa da muke gani a bakin ruwa bayan kaka, muna ce musu baƙi, ba mu taɓa tambayar daga ina suke ba. Ni kuwa likita ya hana ni hawa jirgi saboda zuciya, na jima ban ga gida ba.

Su a al'adarsu, idan baƙo ya zo kallo, sukan ba shi tsuntsu ɗaya ya saki. Malamar ta yi wa auta nuni da kai, auta ta gyara mini yatsu ta sa mini shi. Na ji zuciyarsa tana bugawa a tafina kamar ƙaramin agogo. Abin da ake so shi ne ka buɗe hannu nan take.

Amma mu ma muna da tamu al'adar. Ba a samun mai tafiya gida a sallame shi haka kawai. Sai na fara. Na yi masa addu'ar tafiya. Na ce idan ya isa ya gaida limamin unguwarmu, ya gaida ƙanwata da ke aure a Nguru, ya gaida masunta, ya bi ta maƙabarta ya yi sallama. Ina cikin lissafin 'ya'yan kawuna, ban ma kai ga yayana ba, na lura rumfar ta yi tsit. Tsuntsun ya fara buɗe baki, yana lumshe ido.

Malamar ba ni take kallo ba, auta take kallo. Nan na gane halin da na jefa yarinya, amma tsufa da taurin kai suka riƙe mini yatsu. Idan ta yi shiru, ta bar tsuntsu ya wahala a gaban malamarta, lasisi ya tafi. Idan kuma ta ce in sake shi, ta ba ubanta umarni a gaban mutane, abin da uwarta ba ta koya mata ba.

Sai ta zagayo, ta ɗan rusuna kusa da ni, ta yi ƙasa da murya, da Hausa: "Baba, baƙonka ya gaji, hanyarsa da nisa. A yi masa sallama."

Hausar tana ɗingishi, amma ta iso. Na buɗe hannu. Ya ɗan tsaya a tafina kamar mai jiran kuɗin mota, sannan ya yi fir. Bai nufi kudu ba, ciyawar da ta fi kusa ya faɗa, na ce wannan ɗan aike sai a hankali.

Malamar ta tambayi auta me ta ce mini, ta fassara mata. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta miƙa mata jaka ta gaba. Sai da aka naɗe raga da hantsi ta ce mata, tana zuba shayi, ciro tsuntsu daga raga kowa na iya koya, ciro shi daga hannun mutum ne mai wuya. Ta ce za ta sa hannu a nema wa auta lasisin.

A hanya muka tsaya muka sayi kifi da soyayyen dankali, na ciro yajina, bai yi tafiyar banza ba. Auta ta koma Turancinta, tana ta zuba har Camberwell. Da na buga wa yayana waya na ba shi labari, ya yi ƙorafin an gaida masunta an bar shi. Na ce ya kai ƙarar 'yarsa, ita ta katse ni. Ya ce a bari, zai riƙa leƙa bakin ruwa, in ya ga mai zobe zai tambaye shi da kansa.