Yadda Baba Gobe Ya Sauke Ɓera Daga Matsayinsa

Shekara ashirin da biyu Baba Gobe yana shara a ofishin binciken tsirrai, kuma duk tsawon wannan lokaci ana ce masa ya kankare katangar bayan ɗakin ajiya. Amsarsa ɗaya ce, ita ce ma ta zama sunansa.

Ran nan wata Dakta, sabuwar zuwa, ta tsaya gaban dattin katangar da gilashin ƙara girma, ta saki salati. Ta ce wannan toka-tokan ba datti ba ne, funfuna da gansakuka ne suka haɗa gida suka zama halitta guda, kuma irinta na cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari. Aka karɓe tsintsiyar Baba, aka ba shi kujera ya yi gadin abin. Shugaban ofis ya yi masa bayani a taƙaice: ranar da abin ya ƙare, aikinsa ya ƙare.

Wata uku ba a yi ba wani ɓera ya fara gwaguyar abin da ke katangar. Baba ya kife shi da bokiti, ya ɗauko taɓarya.

"Tsaya, Baba!" in ji Dakta. Ta auna jelarsa, ta ƙirga haƙoransa, ta buɗe littafi. "Wannan danginsa na gab da ƙarewa. Ya fi na katangar matsayi. Ba a kashe shi, ba a korarsa."

"To, ranki ya daɗe, shi ya san da haka?"

Bai sani ba. Ya ci gaba da ci.

Da Baba ya kai kuka gida, matarsa ko ɗagowa ba ta yi ba daga wanke-wanke. "Malam, wa ka taɓa gani ya ƙoshi yana lasar bango? Ba shi abinci mana."

Daga ranar kwanon rana ya zama na mutum biyu. Ɓera ya yi ƙiba, ya bar katanga, ya kawo iyali. Iyalin suka kawo nasu. Cikin shekara huɗu sun cinye labule, da kujerar Baba, da rabin rahoton da aka rubuta a kansu. Masana suka zo ƙidaya, suka gaji a dubu uku, suka mayar da dangin jerin waɗanda babu fargaba a kansu.

Baba ya sa aka karanta masa takardar masanan sau biyu. Washegari ya zo aiki da kyanwar surukarsa a cikin kwando.